BA ALJANU NE SUKA GINA GANUWAR DAMAGARAM BA

Jama'a, duk lokacin da aka saka hoton dalar Masar a Facebook, sai ka ga an cika da tambaya: ya aka yi mutanen da ba su da inji suka ɗora duwatsu sama da miliyan 2 a kan juna? Wasu su ce aljanu ne, wasu su ce halittun wata duniya ne. To mu Damagarawa bai kamata wannan magana ta ruɗe mu ba, domin amsar tana ƙofar gidanmu.

Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa mai tsawon da ya kai wajen mita 10 a wasu wurare. Ba siminti, ba ƙarfe, ba motar ɗaukar ƙasa. Da me aka yi? Da fartanya, da kwando, da tulu, da tafin hannu. A haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta tsimu, a murza tubali, rana ta busar. Gindin ganuwa a yi shi da faɗi, ana hawa ana rage kauri, nauyinta ya zauna a kanta. Su kuwa manyan duwatsun nan da Allah Ya jibge a Zinder, magina ba su tsaya kokawa da su ba, sun bi tsarinsu ne suka zauna da su.

Sirrin ke nan: ilimi, da tsari, da yawan hannu. A Masar ma haka ne, an tono garin ma'aikata kusa da dalar Giza, har da wuraren gashin burodinsu da kaburburansu. Kuma mu faɗi gaskiya, irin wannan aiki ba duka da son rai aka yi shi ba. Damagaram ta wancan zamani ƙasa ce mai bayi, kuma talaka ba ya ce wa sarki a'a. Wanda ya ce aljanu ne, ya danne haƙƙin waɗanda suka yi gumi.

Wannan ƙarya tana da illa. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna cewa ba baƙar fata ne suka yi tsohon birnin duwatsu na Zimbabwe ba, sai da bincike ya ƙaryata su. In muka ce aikin kakanninmu abin al'ajabi ne da hankali ba ya kamawa, ai mun taya su raina kanmu ne.

Abin da ya fi damun mu shi ne yau. Ganuwar sai ɗan abin da ya rage. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni muna ji muna gani. Tun 2006 tsohon garin Zinder yake cikin jerin jira na UNESCO, Agadas kuwa ta shige tun 2013. Ginin ƙasa yaɓe yake so lokaci zuwa lokaci, in an daina sai damina ta cinye shi.

Don haka muna kira ga fadar Sarki da magajin gari da jami'ar Zinder: a nemo tsofaffin magina tun suna raye, a rubuta abin da suka sani, a haɗa su da samari masu koyo, a riƙa biyan su. Mu kuma mazauna Birni mu daina ɗibar ƙasar ganuwa, mu gyara magudanan ruwa kafin damina.

In ba haka ba, wallahi nan da shekara 50 jikokinmu za su kalli hoton fadar Sarki su ce aljanu ne suka gina ta. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe amana.