Saɓar Dole

Maciji kan yi saɓa idan lokacinsa ya yi, ya bar tsohuwar riga a gindin dutse ya fita yana sheƙi. Ɗan'adam ma yana saɓa, sai dai tasa a hankali take tafiya, don fatar sama takan sabunta kanta cikin kamar wata guda ba tare da mai ita ya ankara ba. To, yanzu ga wata sana'a ta shigo gari wadda ke yi wa fata saɓar dole, watau a shafa wa fuska ruwan asid ya ci fatar sama, ta bushe ta ɗaye, sabuwa ta maye gurbinta. Masu tallarta sukan sa ta cikin jerin gyaran jiki, tare da dilka da halawa. A nawa ganin wannan suna bai dace da ita ba, mu kuwa ɗaliban harshe mun san ɓarnar da suna kan yi idan an laƙaba shi inda bai kamata ba. Abin nan ƙuna ce da aka auna, aunawar kuwa aikin likita ne.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa yaudara ce. Tun a 1882 wani likitan fata na Jamus, Paul Unna, ya bayyana yadda sinadarai irin su finol ke ɗaye fata, kana a 1961 likitoci biyu na Miyami ta Amurka, Baker da Gordon, suka fito da haɗin finol da ya yi suna wajen share tamojin tsufa. Akwai mai sauƙi, kamar asid ɗin da ake samu a rake da wanda ke cikin nono mai tsami; wannan saman fata kawai yake taɓawa, yana rage ƙuraje da ƙananan tabo, a warke cikin mako guda. Akwai matsakaici. Sai mai zurfi, shi ne na finol, wanda sau ɗaya tak ake yi wa mutum, kuma kashi-kashi ake shafa shi ana lura da bugun zuciya, domin yakan ratsa fata ya shiga jini. A watan Yuni na 2024 wani matashi ya rasu a birnin Sao Paulo bayan an yi masa shi a wani gidan kwalliya, har hukumar lafiya ta Barazil ta dakatar da amfani da finol a irin wannan aiki. Wata guda bayan haka hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su sayi masu ƙarfin nan su shafa da kansu.

Inda gizo ke saƙa a wurinmu shi ne launin fata. A 1975 Thomas Fitzpatrick na Jami'ar Harvard ya fara rarraba fata gwargwadon yadda take karɓar rana, a yau aji shida ake lissafawa, yawancinmu kuwa a na biyar da na shida muke. Baƙar fata tana da wata ɗabi'a: duk inda ta ji ciwo sai ta ƙara zuba launi a wurin. Shi ya sa ƙurji ɗaya kan bar baƙin tabo na watanni. Saboda haka wadda ta je a share mata tabo uku tana iya komowa da fuska dabbare-dabbare. Finol kuma yakan kashe ƙwayoyin da ke yin launin, fuska ta yi fari fat, wuya yana nan baƙinsa, kuma ba komowa. Ga shi sabuwar fata ba ta jure rana, ranar Kano a watan Afrilu kuwa ba sai an ba kowa labarinta ba.

Abin da ya fi damuna, wasu ba tabo ko tamoji suke gudu ba, fari suke nema. Tsohon bilicin ne ya sake riga. Sau da yawa fatar da ake kai wa mai asid ta riga ta sirance da shafe-shafen mayuka, ita ce kuwa ta fi saurin ƙonewa.

Dilka goge fata take yi daga sama, in ta yi wa amarya zafi a wanke da ruwa. Asid mai ƙarfi kuwa, kafin a kai ga buta ya gama aikinsa. Don haka duk wanda zai ɗauki wannan kwalba ya kamata ya iya faɗin sunan abin da ke ciki, da ƙarfinsa, da minti nawa zai yi a fuska, da abin da zai yi idan fata ta fara sake launi. Amaryar da likita ya amince a yi mata, ta je tun da sauran watanni, ba ana saura mako guda a sa lalle ba.