Kasafin Kuɗi Amana Ne: A Fara Da Gyaran Abin Da Aka Gada

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, kowace shekara Shugaban Ƙasa yakan ɗauki kundin kasafin kuɗi ya ajiye a gaban Majalisar Tarayya, a yi ta karanto tiriliyoyin naira a rediyo, talaka ya saurara ya kaɗa kai ya koma ga sha'aninsa, yana ganin wannan zance ne na mutanen Abuja. Lalle wannan kuskure ne babba. Kasafin kuɗi rabon dukiyar baitulmali ne, baitulmali kuwa amana ce a wuyan shugabanni, kuma wajibi ne a kan masu ilmi da sauran jama'a su san yadda ake raba ta, su yi nasiha inda aka kauce. Mun zaɓi mu auna wannan rabo da ma'aunin da kowa zai iya gani da idonsa, wato filayen noman rani na Bunkure da Kura da Garun Malam, domin a nan ne aikin ma'aikatu da dama yake haɗuwa a gona ɗaya.

Ya kamata mu fara tuna asalin wannan ni'ima. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, tsakanin 1971 da 1974, aka jawo ruwanta ta babban kanal ya bi ta Ruwan Kanya ya gangaro ya rabu rassa-rassa har cikin gonaki, ba tare da an kunna inji ba. An tsara kashi na farko na aikin a kan hekta 22,000, ko da yake ba a kammala dukansa ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Albarkacin wannan ruwa ne Kura ta zama cibiyar shinkafa, mata masu gumi da masu injin casa suka sami sana'a, kasuwar Kwanar Gafan ta riƙa loda tumatir zuwa Legas. Waɗanda suka yi wannan aiki sun kashe dukiyar jama'a a kan abin da har yau, bayan shekara hamsin, yake ciyar da mutane.

To, yaya aka riƙe wannan gado? An bar laka ta cike hanyoyin ruwa, ciyawar kacala ta toshe su, ƙofofin raba ruwa suka lalace, har ya zama manomin da ke bakin kanal yana ambaliya, na ƙarshen kanal yana kallon shukarsa tana bushewa. Da abin ya ta'azzara sai aka nufi Bankin Duniya, wanda a 2014 ya amince da rancen kusan dala miliyan 500 domin shirin TRIMING, aka gyara wannan aiki tare da na Bakolori da wasunsu. Ba mu musun cewa gyaran ya yi amfani. Amma mai hankali ya tsaya ya duba: abin da aka gina da kuɗinmu, muka ƙi kashe kaɗan a kowace shekara don kula da shi, shi ne muka koma muka ciwo bashi mai yawa don tayar da shi, bashin da 'ya'yanmu za su biya. Idan aka sake sakaci irin na da, nan da shekara ashirin za a sake ɗaukar ƙoƙon bara a koma wa masu ba da rance.

Wannan shi ya kawo mu kan lissafin da ya fi kowane tayar da hankali. A daftarin kasafin 2025 da aka miƙa wa Majalisa a Disamba 2024, an ware wa biyan bashi naira tiriliyan 15.8, tsaro tiriliyan 4.9, ilmi tiriliyan 3.5, lafiya kuwa kimanin tiriliyan 2.5. Ko a kasafin da aka sa wa hannu daga baya, na tiriliyan 54.99, biyan bashi ya ɗauki tiriliyan 14.3, wato fiye da naira ɗaya cikin kowace naira huɗu. A haɗa ilmi da lafiya wuri guda, ba su kai rabin abin da aka ware wa masu bin bashi ba. Ga noma kuwa, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003, suka sabunta shi a Malabo a 2014, cewa za su ba shi kashi 10 cikin 100 na kasafinsu, amma a mafi yawan shekaru Gwamnatin Tarayya ba ta kai ko rabin wannan ba. Haka alkawarin Abuja na 2001 na bai wa lafiya kashi 15 cikin 100 ya tsaya a takarda. Musulmi ba ya buƙatar a gaya masa sharrin bashi mai ruwa, ga shi yana ganin yadda yake cinye rabon asibiti da makaranta da gona.

Magabata ba su bar mu cikin duhu ba a wannan babi. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, a littafin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid a kan haraji, ya ba da shawarar cewa haƙa manyan hanyoyin ruwa da yashe su nauyi ne na baitulmali, domin amfaninsu na kowa da kowa ne, ƙananan da ke shiga gonakin mutane kuwa masu gonakin su ɗauki nauyinsu. Haka nan shari'a ta sanya zakkar abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi kuwa ɗaya cikin ashirin. Ashe tun da can an san cewa mai ban-ruwa yana ɗauke da nauyi, kuma haƙƙinsa ne a sassauta masa. A kan wannan tushe muke miƙa shawarwarinmu ga ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, Ma'aikatar Albarkatun Ruwa. Kada a aza harsashin wata sabuwar madatsa sai an ware kuɗin kula da waɗanda ake da su, a layi na musamman wanda ba a taɓa shi, kuma a sake shi kafin a buɗe ruwan rani. Yashe kanal ba ya jawo 'yan jarida, ba a yanka masa kyalle, shi ya sa 'yan siyasa ba su ƙaunarsa, alhali kuwa shi ne ran aikin. Batun ya wuce amfanin gona, ya shafi rayuka. Dattawan wannan yanki ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a Agusta 1988 ba, kuma duniya ta ga abin da ya sami Maiduguri a Satumba 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Tiga ta fi su girma nesa ba kusa ba, ga garuruwa jere a ƙasanta. Binciken lafiyarta kowace shekara, da bayyana wa jama'a sakamakon, ya fi kowace sabuwar kwangila muhimmanci.

Na biyu, Ma'aikatar Noma. Mun ga shirin ciyar da ƙasa na 1976, mun ga juyin noma na Shagari a 1980, mun ga rancen Babban Banki da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 da dalar shinkafa da aka jera a Abuja a 2022. Kowace gwamnati da sunan shirinta, amma abin da manomi yake roƙo bai canza ba: iri mai kyau, taki a kan lokaci, da malamin gona da zai zo gonarsa. Alkama ana shuka ta ne daga tsakiyar Nuwamba, idan sanyi ya shigo. Takin da ya iso a Fabrairu, ko da kyauta ne, ya zama na 'yan kasuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kadawa da kewaye, farashin kwando ya haura sama a ƙasar duka, masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ta rasa abin sarrafawa ta tsaya. Irin wannan annoba bincike ne maganinta, ga kuwa tashar bincike ta Kadawa ƙarƙashin cibiyar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello a tsakiyar gonakin. A ba ta kuɗin aiki, a ɗauki malaman gona daga 'ya'yan yankin. Sannan a daina mayar da kasafin wannan ma'aikata rumbun da 'yan Majalisa ke cusa ayyukan mazaɓu, irin su fitilun kan titi da ɗakunan taro, kamar yadda ƙungiyar BudgIT ta sha bayyanawa.

Na uku, Ma'aikatun Kuɗi da Ciniki. Babu abin da ya fi karya manomi kamar gwamnati ta ce masa ya noma da hannun dama, ta buɗe ƙofar shigo da abinci da hannun hagu. An hana shigo da alkama a 1987, manoman Kura da Kadawa suka duƙufa, bayan 'yan shekaru aka ɗage hanin. An rufe iyakoki a Agusta 2019, aka buɗe a Disamba 2020. A Yuli 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da shinkafa da alkama da masara na kwana 150. Mun san yunwa ta matsa wa mutanen birni, kuma saukin abinci alheri ne. Amma wanda ya sayi taki da tsada ya biya 'yan ƙwadago, sannan ya kai shanshera kasuwa ya tarar farashi ya faɗi, baɗi ba zai koma gona ba, a nan kuwa an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da muke nema shi ne manufa tsayayya ta shekara biyar da za a sanar tun kafin shuka, da kuɗin sayen rarar amfani a lokacin kaka a adana a rumbunan gwamnati, irin tanadin da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi wa Masar a shekarun wadata domin shekarun fari. Kuma a saki kuɗin ayyuka a kan kari. Ai sai da Majalisa ta tsawaita wa'adin ayyukan kasafin 2024 har zuwa ƙarshen 2025, alamar cewa rubuta kuɗi daban, fitar da su daban.

Na huɗu, Ma'aikatun Ayyuka da Lantarki. Tumatir da albasa da sauran kayan gwari ba su jiran kowa. Kwana ɗaya da mota za ta yi a maƙale a mummunar hanya ya isa ya mayar da guminsu na wata uku ruɓaɓɓen ruwa a gindin kwando. Hanyoyin da ke fito da kaya daga ƙauyukan Bunkure zuwa babban titin Kano da Zariya sun fi wa talaka amfani a kan gadar sama a birni. Tun da aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a 2024, kuma duk mai jawo ruwa da inji a wajen kanal, da mai injin casa, sun ji a jikinsu. Wani kaso na kuɗin da aka ce an tsimi daga tallafin ya dawo nan, ta hanyar injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, da wuta tsayayya ga masana'antun shinkafa, da ɗakunan sanyi a kasuwannin kayan gwari.

Na biyar, Ma'aikatun Lafiya da Ilmi. Inda ruwa ya kwanta shekara duka, sauro ba ya hutu, kuma yaran da ke wanka a kanal suna kamuwa da tsargiya. Wannan ciwo yana da magani mai sauƙi da ake rabawa a makarantu. Wanda ya kawo ruwa ya kawo wa mutane arziki tare da cutarsa, don haka adalci shi ne kasafin ban-ruwa ya zo da kasafin asibitocin karkara a gefensa. Makarantun yankin kuwa a koya wa yara noman zamani da gyaran inji da lissafin kasuwa, don kada ɗan manomi ya ga cewa ci gaba shi ne ya bar gonar ubansa ya tafi birni tuƙa babur.

Daga ƙarshe, nasiha ba ta cika sai ta dawo gida. Ba daidai ba ne mu zargi hukuma da cin amana alhali waninmu yana fasa bakin kanal da dare ya karkatar da ruwan maƙwabcinsa, ko ya ƙi biyan kuɗin ruwa, ko ya karɓi takin tallafi ya sayar a bakin kasuwa, ko ya girbe buhu ɗari ya manta da zakka. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka kafa a sassan aikin amana ce a hannunmu, a shige su, a zaɓi masu tsoron Allah su jagorance su, a yi gayyar yashe ƙananan hanyoyi kafin a buɗe ruwa. Malamai su yi bayanin haƙƙin ruwa da haƙƙin baitulmali a wuraren karatu. Matasanmu masu ilmin zamani su nemo kundin kasafi, wanda ake bugawa a fili, su tsamo abin da aka rubuta da sunan Bunkure da Kura da Garun Malam, su karanta wa jama'a da Hausa, sannan a je wa wakilanmu na Majalisa da takarda a hannu, cikin ladabi da hujja, a tambaye su ina aka kwana. Wanda ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi nawa ya sa aka ware wa yashe kanal, kuma yaushe aka saki kuɗin.

Allah Ya shiryi shugabanninmu, Ya ba su mashawarta na gari, Ya fitar da ƙasarmu daga ƙangin bashi, Ya sa albarka a ruwanmu da gonakinmu.