Bayan tiyatar kansar maƙogwaro, wa zai koya wa majinyaci magana?

Idan likita ya cire maƙogwaron mai ciwon daji domin ceton ransa, muryarsa kan tafi. Wanda aka yi wa gashi a wuya kuwa, yawunsa kan ƙafe, haɗiyar tuwo ta zama aiki, wani lokaci abinci ya sarƙe shi ya gangara huhu.

Akwai ƙwararrun da ke koya wa irin waɗannan majinyata magana da haɗiya. Sai dai ba su da yawa, kuma a manyan asibitocin birni suke.

Ɗauki manomi daga Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, wanda aka yi wa tiyata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka tura shi Shika don gashi. Atisayen haɗiya yakan ɗauki watanni. Shin zai iya ratsa dajin Falgore duk mako, ga kuɗin mota, ga gona tana jira? Sai ya haƙura, ya rame, ya daina zaman majalisa.

A ganina, ya kamata Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano ta haɗa hannu da asibitocin koyarwa. A sallami majinyaci da takarda ɗaya mai bayanin atisayensa da Hausa. A horar da ma'aikatan jinya a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Ƙwararre ya riƙa zagayawa duk wata, ya duba saura ta bidiyon WhatsApp. Hukumar KSCHMA kuma ta sanya wannan hidima cikin inshorarta.

Wanda ya tsira daga kansa ya cancanci ya amsa sallamar maƙwabcinsa da bakinsa.