Gargaɗin Ayagi Na 1986 Bai Tsufa Ba

Duk wanda ya san Suleja ya san dubban ma'aikatan Abuja a nan suke kwana, don kuɗin haya a babban birnin ya fi ƙarfinsu. Tun daga ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya shiga cinye albashinsu. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haye naira 1,000. Dala kuwa, da aka saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga wajen naira 460 har ta kai 1,500 a 2024. A Janairun 2025 mutane fiye da 80 suka ƙone a mararrabar Dikko, kusa da Suleja, wajen kwasar man wata tanka da ta faɗi.

To, wannan magani ba yau aka fara ɗura wa Nijeriya shi ba, kuma akwai ɗan Arewa da ya yi tsayin daka a kansa tun farko, wato marigayi Farfesa Ibrahim Ayagi.

Ayagi mutumin birnin Kano ne. Ya sami digirin dokta kan tattalin arziki a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya riƙe kwamishinan ilmi a Jihar Kano zamanin soja, sa'an nan ya zo nan Ikko ya shugabanci bankin Continental Merchant. Yana kan wannan kujera ne Janar Babangida ya buɗe muhawara a 1985 kan karɓar bashin Asusun Ba Da Lamuni na Duniya. Jama'a suka ce ba sa so, gwamnati ta ce ta ji, amma a 1986 sai ga shirin SAP ɗauke da sharuɗɗan nan da aka ƙi. Naira da take kusan kunnen doki da dala ta koma huɗu a dala ɗaya cikin 1987. Ayagi ya fito fili ya soki shirin, ga shi kuwa shugaban banki, kuma a 1987 ɗin aka raba shi da kujerarsa. Daga baya ya tattara hujjojinsa a littafinsa mai suna The Trapped Economy.

Hujjar ba ta da wuyar ganewa. Karya darajar kuɗi yana amfanar ƙasar da ke ƙera kaya ta sayar waje, don kayanta za su yi araha. Amma ƙasar da ɗanyen mai kaɗai take fitarwa, da dala kuma ake sayensa, injuna da magunguna da takarda kuwa duk daga waje suke zuwa, babu abin da za ta girba sai tsada. Masaƙun Kaduna da Kano da suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya sun isa shaida.

Masu goyon bayan gwamnati su ma suna da abin faɗa. Tallafin mai ya zama kafar sata da fasa-ƙwauri, canji iri biyu kuma 'yan tsirarun da ke da hanya a Babban Banki ya azurta. Gaskiya ne. Sai dai toshe kafar sata ba ya gina masana'anta, ba ya kuma horar da wanda zai yi aiki cikinta.

Nan ne rabi na biyu na rayuwar Ayagi ya zama darasi. Bai tsaya ga suka ba, ya koma Kano ya kafa makarantar sakandare ta Hassan Ibrahim Gwarzo. Ko da yake ya shugabanci kwamitin binciken tattalin arziki na ƙasa zamanin Shugaba Obasanjo, da makarantar nan Kanawa da yawa suka fi saninsa har ya rasu a Afrilun 2020.

An ƙaddamar da ilmin firamare kyauta tun 1976, aka yi dokar ilmin bai ɗaya a 2004, amma a 2022 hukumar UNICEF ta ce yara fiye da miliyan 18 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Suleja na da makarantar Gwamnatin Tarayya ta yara masu hazaƙa, sai dai makaranta ɗaya ba za ta ɗauki 'ya'yan lebura da direba ba. Yaron da bai iya karatu ba a Neja ko Katsina, shi ne gobe zai sauka Agege ko Sabon Badun neman dako ko acaba.

Tun da aka janye tallafi, kason da jihohi ke karɓa daga Tarayya ya ƙaru ƙwarai. Saboda haka ya kamata 'yan Arewa mazauna Kudu, masu aika kuɗi gida kowane wata, su sa sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinsu su tambayi gwamnonin jihohinsu: azuzuwa nawa aka gina, malamai nawa aka ɗauka, kuma ana biyansu a kan kari? Talaka ya riga ya biya kuɗin nan a gidan mai, hakkinsa ne ya gan su a makarantar ɗansa.