Kuɗin shiga fili da makomar magoya bayan ƙwallo a arewacin Yobe

Duk Asabar da Lahadi, gidajen kallon ƙwallo a Machina da Nguru da Gashuwa kan cika da samari, kowa ya biya kuɗin shiga ba tare da gardama ba, domin ya ga Arsenal ko Barcelona a talabijin. Waɗannan matasa sun haddace sunayen 'yan wasan Turai har da na benci, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa zama a filin wasa na 27 ga Agusta da ke Damaturu suka kalli Yobe Desert Stars, ƙungiyar jiharsu. Laifin ba nasu ba ne kaɗai. Masu riƙe da ƙungiyoyin gida ba su tsara hanyar da matashi zai shiga fili da ɗan abin da ke aljihunsa ba.

Ga saurayin Machina, kuɗin tikiti shi ne mafi ƙanƙanta a lissafi. Kafin ya isa ƙofar fili sai ya ratsa Nguru da Gashuwa da Dapchi, tafiyar sama da kilomita 250, sannan ga abinci, ga kwana idan wasa ya kai almuru. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai shafi ɗan acaba ba, haka ma yaron shago da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. Duk farashin da aka yanke a ofis ba tare da an duba wannan tafiya ba, an yanke shi ne don mazauna babban birnin jiha.

Maganin da 'yan siyasa suka fi so shi ne buɗe ƙofa kyauta. Wani mai muƙami ya saye tikitin wasa baki ɗaya, fili ya cika, a ɗauki hotuna, a watse. Wannan karamci ne na yini guda, kuma yana koya wa jama'a cewa wasan gida bai kai a biya masa ko sisi ba. Ƙungiya takan tashi ba ta san sunan ko mutum ɗaya daga cikin dubban da suka zo ba, ta kuma ci gaba da jiran abin da gidan gwamnati zai sakar mata. Yawancin ƙungiyoyin Arewa, irin su Kano Pillars da El-Kanemi Warriors da Katsina United, mallakar gwamnatocin jihohi ne, shi ya sa tashinsu da faɗuwarsu kan bi sha'awar gwamna mai ci. Desert Stars ta buga babbar gasar Najeriya a 2018 da 2019, sannan ta faɗo. A irin wannan lokaci ne ake gane ƙungiyar da ke da mutane da wadda ke da 'yan kallo kawai.

Ƙasashen da ƙwallo ya zama babbar sana'a sun riga sun sha wannan muhawara. A watan Fabrairun 2016, dubban magoya bayan Liverpool sun fice daga fili a minti na 77 don ƙin amincewa da tikitin fam 77, har masu ƙungiyar suka janye suka ba da haƙuri. A shekarar ce gasar Firimiyar Ingila ta ƙayyade tikitin baƙin magoya baya a kan fam 30, saboda an lura cewa mai tafiya nesa ya riga ya biya kuɗin hanya. A Jamus kuwa, ƙa'idar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun 'yan ƙungiya masu rajista, kuma wurin tsayuwa na filin Borussia Dortmund, mai ɗaukar kusan mutum 25,000, yana daga cikin wurare mafi araha a filin. Attajiran ƙwallo ma sun gane cewa saurayin da ya saba da fili yana ɗan shekara 20 shi ne magidancin da zai kawo 'ya'yansa yana ɗan 40. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya kamata a yi bai fi ƙarfin kowa ba. Na farko, a sanya farashi na musamman ga 'yan shekara 16 zuwa 25, wanda bai wuce abin da ake biya a gidan kallo ba, a bayyana shi tun farkon kaka, kada a ɗaga shi don babbar ƙungiya ta zo. Na biyu, a haɗa rangwamen da katin zama ɗan ƙungiya mai suna da lambar waya, ta yadda kowace naira za ta shiga asusu maimakon aljihun masu tsaron ƙofa. Na uku, a riƙa kai wasannin sada zumunci da na share fagen kaka Nguru da Gashuwa, a kuma yi yarjejeniya da ƙungiyar direbobi kan motar magoya baya a ranakun wasa.

Akwai rabon Abuja a wannan aiki. Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka maido da ita a Oktoban 2024 ƙarƙashin Shehu Dikko, tare da NFF da masu gudanar da gasanni, za su iya sanya farashin matasa da rajistar magoya baya cikin sharuɗɗan ba ƙungiya lasisi. Su ma hadiman 'yan majalisa da ke rubuta wa iyayen gidansu shawarar ayyukan mazaɓa, ya kamata su auna: kuɗin da ake kashewa kan kofin da ke ɗauke da sunan mutum ɗaya, wanda kan mutu da ƙarewar wa'adinsa, zai iya biyan rabin katin kaka na matasa masu yawa, ko ya gyara katangar filin wasa a ƙaramar hukuma.

Matasan arewacin Yobe sun nuna cewa a shirye suke su biya don ƙwallo, domin suna biya kowane mako. Saura ga hukumomi su sa wani ɓangare na wannan kuɗi da wannan ƙauna ya tsaya a gida.