ADON TAURARI: Gyaran haƙori, daga wanki zuwa dashe

A zamanin kaset ɗin bidiyo, ɗan wasa kan yi dariya a gaban kyamara har da ƙyaƙyatawa ba tare da wani ya lura da dattin goron da ke bakinsa ba, domin hoton dishi-dishi ne. Yanzu kam kyamara ba ta rufa wa kowa asiri. Da zarar darakta ya ce a matso da hoto kan fuskar jaruma, to giɓi, karkata da jan haƙori duk sai sun bayyana. Shi ya sa zancen gyaran haƙori ya shiga bakin 'yan fim da masoyansu, musamman 'yan mata masu burin shiga industiri.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wani reshe na wannan sana'a ɗan harkar fim ne. A 1928 wani likitan haƙori a Kalifoniya mai suna Charles Pincus ya ƙera wa 'yan wasan Holiwud wani siririn rufi da ake manna wa haƙoran gaba. Na aro ne, ana gama ɗaukar fim ake cirewa. Yau abin ya zama na dindindin, kuma a nan gizo ke saƙa. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, ya fi komai tauri a jikin mutum, amma fa ba ya tofowa. Abin da aka kankare ya tafi ke nan. Don haka hanyoyin gyaran suna hawa-hawa, gwargwadon abin da kowace ke ci daga wannan ɓawo.

Matakin farko shi ne wankin haƙori a asibiti. Likita zai kankare daskararren datti da tabon goro, shayi da taba, ya goge. Ba ya taɓa ɓawon, kuma shi ne mafi arha. Mutane da dama da ke tunanin sai sun kashe dubbai, wankin nan kaɗai ya ishe su.

Na biyu shi ne bilicin ɗin haƙori, da sinadarin haidurojin feroksaid ko ɗan'uwansa kabamaid feroksaid. Ana yi a asibiti cikin kamar awa guda, ko likita ya auna baki ya ba da roba da maganin a riƙa sawa a gida na mako biyu ko fiye. Yakan sa haƙori zugi da ruwan sanyi na 'yan kwanaki, kuma farin yana dusashewa, sai an maimaita. Ba ya sauya launin ciko ko haƙorin roba. A Tarayyar Turai abin da ya wuce kashi 0.1 cikin 100 na sinadarin ba a sayar wa mutum kai-tsaye, likita ma iyakarsa kashi 6. To ina ga kwalaben da ake talla a waya, waɗanda ko sunan abin da ke ciki babu? Haka masu dirza gawayi, toka, ko lemon tsami da kanwa: farin kwana biyu ne, ɓawon suke cinyewa, daga ƙarshe rawayan da ke ƙarƙashi ya fito fili.

Akwai kuma tabon da ke cikin haƙorin kansa. Wani daga ruwan sha ne mai yawan sinadarin fuloraid, kamar yadda aka sani a Langtang ta Jihar Filato da Tibiri ta Maraɗi. Wani kuma daga maganin tetirasaikilin da aka sha a yarinta. Irin wannan ba ƙazanta ba ce, ko za a kwana ana goga asuwaki ba zai fita ba.

A nan ne mataki na uku ke shigowa, wato farin ciko. Likita na manna wani ƙullu mai launin haƙori, ya siffanta shi, ya busar da shi da shuɗiyar fitila. Yana rufe tabo, ɓantarewa da ƙaramin giɓi a zama ɗaya, kuma ba a cika kankare komai ba. Yakan kai shekara 5 zuwa 7, sai dai yana ɗaukar launin goro da shayi.

Mai karkatattun haƙora kuwa, maganinsa waya. Tana ɗaukar kamar wata 18 zuwa 24, kuma ba ta yara kaɗai ba ce: Tom Cruise ya sa ta a 2002 yana dab da shekara 40, a lokacin da tauraronsa ke tsakiyar haskawa. Akwai ta roba garai-garai irin su Invisalign, wadda ake cirewa lokacin cin abinci. Bayan an gama dole a riƙa sa abin riƙe haƙoran, in ba haka ba su koma gidan jiya.

Sai biniya, jikar ƙirar Pincus, wadda ita ce ake ta rububi. Siririn tangaran ne da ake mannawa bayan an kankare kusan rabin milimita na fuskar haƙori. Tana da kyau matuƙa, tana kai shekara 10 zuwa 15. Amma yarinyar da ta sa tana shekara 22 ta sani cewa za ta riƙa biyan kuɗin sabuntawa har tsufanta. Hular haƙori ta fi haka ci, domin ana fiƙe haƙorin ta ko'ina, fiye da rabinsa kan tafi. An yi ta ne don haƙorin da ya lalace. A 2022 BBC ta nuna labarin matasan Ingila da suka tafi Turkiyya neman biniya mai arha, suka dawo da huluna a kan lafiyayyun haƙoran da aka mayar tamkar tsinke.

Wanda ya rasa haƙori gaba ɗaya yana da zaɓi uku: na roba mai cirewa, gada da ake ɗorawa a kan maƙwabtan giɓin, ko dashe. Dashen wani ƙarfe ne, taitaniyam, da ake kafawa a ƙashin muƙamuƙi. Farfesa Branemark na ƙasar Suwidin ne ya fara yi wa mutum a 1965. Sai an jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama kafin a ɗora haƙorin. Shi ne mafi tsada, kuma mai shan taba ko wanda ciwon sukarinsa bai daidaita ba yana iya samun matsala.

Wani abin dariya, yayin da Bature ke biyan kuɗi a toshe masa wushirya, a nan wasu biya suke yi a fafe masu ita. Wadda Allah ya ba ta, ta riƙe abinta. Ta kanti kuwa, wadda ake gogawa da magagari, ƙofa ce ga zugi da ruɓewa, malamai ma sun daɗe suna hani da ita. Shi ma haƙorin Makka, in ya yi sako-sako abinci na maƙalewa a ƙarƙashinsa, ya kamata alhaji ko hajiya su kai a duba.

Kafin duk wani ado, sai an fara maganin kogo da dasashi mai jini. Sannan a tabbatar mai aikin likita ne da ke da rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, ba mai shagon kwalliya ba. Tambayar da ya kamata jarumi ya yi kafin ya buɗe baki guda ce: "Likita, nawa za ka kankare daga haƙorina?" In akwai hanyar da ba ta cin komai, da ita za a fara.