Sojoji na gadin bututu, wa ke bin sawun iskar da ke tsiyaya?

Tun watan Mayun 2024 da jirgin ruwa na farko ya yi lodin ɗanyen man Nijar a Seme ta ƙasar Benin, maganar bututun Agadem ba ta wuce tsaro da kuɗi ba. Bututun mai tsawon kusan kilomita 2,000 ya ratsa kudancin jihar Tawa, sojoji kuma na gadinsa. Sai dai akwai asarar da bindiga ba ta tsarewa, wato iskar metan, wadda ita ce kaso mafi yawa na gas ɗin da ke fitowa tare da mai.

Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sulalewa daga rijiyoyi da tankunan ajiya da mahaɗar bututun da ta saki, ko wutar ƙona gas idan ta mutu. Cikin shekara 20, ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na iskar kabon fiye da sau 80.

Gaskiya ne bututun ɗanyen mai yake ɗauka, don haka inda ya fi kamata a sa ido shi ne filin Agadem da matatar SORAZ ta Damagaram. To me ya haɗa manomin albasa na Madawa da wannan? Zafi ne. Mutanen Keita tun 1984 suke dasa itatuwa da jera duwatsu don farfaɗo da ƙasarsu, na Buza sun kafa layukan bedi a kwarin Majiya don tare iska. Ba daidai ba ne talaka ya yi wannan gumi, kamfani kuma ya bar gas na tashi a banza.

Abin takaicin, gyaran ba wuya. Kyamara mai ganin abin da ido ba ya gani na nuna inda ke yoyo; sau da yawa ɗaure noti ko canza roba ya wadatar. Najeriya ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kamfanoni wannan bincike a 2022, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da tsarin MARS, mai hango babban yoyo ta tauraron ɗan'adam.

Ya kamata ma'aikatar man fetur ta wajabta wa CNPC da WAPCO da SORAZ bincike a kan kari, su wallafa wuraren da aka gano da ranar da aka gyara. A kuma koya wa matasan garuruwan da bututun ya ratsa aikin, a ɗauke su.